A buɗe darasin rubuta harkar lafiya da Hausa a jami'o'inmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ara mini fili in kai kuka ga shugabannin jami'o'inmu a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti a nan Kano. Shekarata 19 ina ɗibar jini ina miƙa sakamako. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, bencin bakin ƙofarmu ba ya rabuwa da samari da waliyyan 'yan mata. Wata Talata da hantsi wani saurayi ya zo karɓar sakamako, tare da yayan yarinyar da zai aura. Na buɗe takardun biyu, shi AS, ita ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila a jininsa ba tare da yana ciwon ba. Na zaunar da su ina lalubo ta inda zan ɓullo wa maganar, sai saurayin ya riga ni. Ya ce, "Malam, kada ka damu, na san zancen. A rediyo na ji, an ce cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne ke zama sikila. To, na huɗun ke nan. In Allah ya ba mu uku sai mu dakata." Yana faɗa yana murmushi, hankalinsa kwance, yayan yarinyar kuma yana gyaɗa kai.

Jikina ya yi sanyi. Wanda ya yi shirin nan a rediyo bai yi ƙarya ba, ɗaya cikin huɗu ne. Abin da ya bari a baya shi ne cewa lissafin na kowane ciki ne, ba na jerin 'ya'ya ba. Na shiga yi wa saurayin bayani da kashi 25 cikin ɗari, da yiwuwa, da gadon ƙwayoyin halitta. Ina magana ina kallon fuskarsa, na san ba ta shiga. Ga layi a waje, ga jinin mutane yana jirana a kan tebur. Suka naɗe takardarsu suka yi mini godiya suka tafi, ban gamsar da shi ba.

Da daddare bayan sallar isha'i na ba da labarin a gida. 'Yata ta biyu, mai sunan mahaifiyata, Ummi muke ce mata, ta gama sakandare a lokacin. Yarinya ce mai son bayoloji, ga ta da cika littattafan rubutu da labarai na Hausa. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗauko gwangwanin maɓallan keken ɗinkin mahaifiyarta, ta zaɓi huɗu masu girma ɗaya: fari ɗaya, ruwan ɗorawa biyu, ja ɗaya. Ta zuba su a ƙoƙo ta ce, "Baba, farin shi ne AA, biyun nan AS, jan shi ne SS, wato sikila. Rufe idonka ka ɗauka." Na ɗauka, ruwan ɗorawa ya fito. Ta karɓa ta mayar cikin ƙoƙon, ta girgiza, ta ce in sake. Ja ya fito. Ta mayar, ta girgiza. Na sake sa hannu, jan ya sake fitowa. Ta ce, "Ka gani ko, Baba? Ƙoƙon bai san abin da ka ɗauka ɗazu ba. Kowane ciki da maɓalli huɗu ake fara shi."

Na daɗe ina kallon ƙoƙon nan. Abin da na kasa cikin minti goma da takardar shaidar karatuna, yarinya ta yi shi da maɓallan riga. Daga baya na zauna na buga lissafin: in ka ɗauki gida 100 na AS da AS, kowanne da 'ya'ya huɗu, kimanin 32 ba za su samu mai sikila ko ɗaya ba, 42 za su samu ɗaya, 26 kuma biyu ko fiye. Shi ya sa wani zai ce maka maƙwabcinsa ya yi irin auren kuma 'ya'yansa ƙalau, wani kuma yana jinyar uku a gida ɗaya. Dukansu gaskiya suke faɗa.

A daren ne Ummi ta tambaye ni, "Baba, a wane sashe ake karanta irin wannan? Ni abin da nake so ke nan, in riƙa rubuta wa mutane harkar lafiya yadda za su gane." Muka buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB muka bi shi layi-layi. Ga likitanci, ga aikin jinya, ga haɗa magunguna, ga irin aikina, ga aikin jarida, ga Hausa. Kowanne yana tsaye a ɗakinsa. Na san ana taɓa sadarwar lafiya a sashen aikin jarida, akwai kuma masu karanta ilimin kiwon lafiya don koyarwa, ban raina ƙoƙarinsu ba. Amma abin da yarinyar nan take nema, wato wurin da za a koya mata kimiyyar, a koya mata rubutun, a kuma sa ta yi shi da harshen da marar lafiya yake kuka da shi, ban ga inda zan nuna mata ba.

A wasu ƙasashe sana'a ce da ake zama a karanta. Jami'ar MIT ta Amurka tana da digiri na biyu na shekara ɗaya a kan rubutun kimiyya kaɗai. Jami'ar Johns Hopkins, wadda ta yi suna a likitanci, tana da nata. Reshen Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kuruz tun 1981 yake ɗaukar waɗanda suka riga suka karanci kimiyya ya mai da su marubuta, kuma tun suna aji ake tura su gidajen jarida su koyi aikin a aikace. Kwalejin Imperial ta Landan ta fara nata a 1991, a nan Afirka ma Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu tana yi. Abin lura shi ne, a Amurka da Ingila likita da marar lafiya Turanci ɗaya suke yi, amma duk da haka suka ga sai an horar da mai shiga tsakani. To ina ga mu, da likita ya yi shekara shida yana karatu da Turanci, marar lafiya kuma da Hausa zai ce masa cikinsa na murɗawa?

Kuma mun sha ɗanɗana kuɗar wannan giɓi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha. Tabon abin bai goge ba. Da aka zo 2003 aka fara raɗe-raɗin cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, ya tarar da zukata a buɗe, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar cutar. Kuma duk wanda ya ga aikin ya san ba rahotannin Turanci ne suka juyo da hankalin iyaye ba. Sarakuna ne, da malamai, da mata masu bi gida-gida, da waɗanda cutar ta naƙasa da suka riƙa cewa, "Ku dube ni, kada ku bari ɗanku ya zama haka."

Ina tuna wata asubar watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Kafin kiran sallar farko gwaggona ta bugo mini waya daga ƙauye, muryarta na rawa: "Ɗan nan, ka tashi yaran ku yi wanka da ruwan gishiri, ku sha, kafin gari ya waye." Ita da take fama da hawan jini ta riga ta sha kofi guda. Saƙon nan gajere ne, da Hausa yake, ya faɗi abin da za a yi da lokacin da za a yi shi, kuma ta bakin masoyi ya iso. Ƙaryatawar ta zo daga baya, rana ta riga ta take. An kwantar da mutane a asibitoci, wasu sun rasa ransu. Mai ƙirƙirar ƙarya ya iya tsara saƙo. Haka mai magani da lasifika a bakin kasuwa, ka tsaya ka saurare shi minti biyar: zai kwatanta maka ciwonka tun daga kwankwaso har tafin ƙafa, da kalmomin da kai kanka za ka yi amfani da su. Mu kuwa da gaskiyar take hannunmu, sai mu miƙa takarda mai ɗauke da haruffa da lambobi mu ce a kai wa likita.

Inda abin ya fi damuna shi ne kalmomin kansu, domin a nan nake ganin ɓarnar kullum. Ɗauki "shawara". Jariri ya yi kwana uku idonsa ya yi ɗorawa, shawara. Babba ya kamu da ciwon hanta idonsa ya canza, shawara. Zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa, wanda ake yi wa yara allurarsa suna wata tara, shi ma shawara. Wata uwa ta taɓa tsare ni da katin rigakafin ɗanta a hannu, ta ce, "Ga shi nan an yi masa allurar shawara, ya aka yi ya yi shawara? Ashe allurar taku ba ta aiki." Yaron ciwon hanta ne da shi. A wurinta hujjarta ta tsaya daram, kuma na tabbata ta kai labarin gidan suna da gidan biki.

Ɗauki "ƙwayar cuta". Da ita muke kiran bakteriya, da ita muke kiran bairos, da ita muke kiran abin da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro. Tunda sunansu ɗaya, ta yaya za ka gamsar da mutum cewa kafson da ke kashe wannan ba ya taɓa wancan? Shi ya sa mai mura zai je kemis ya sayi kafso huɗu ya haɗiye, ranar da ciwon gaske ya zo maganin ya daina ji. "Rigakafi" ma haka. Allurar ƙyanda rigakafi ce, maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 da damina shi ma rigakafi ne, alhali shi wannan kariyarsa ta kusan wata guda ce, dole a sha na kwana uku a jere, a kuma maimaita wata mai zuwa. Uwa ta ba da na ranar farko ta ajiye sauran, don a saninta rigakafi sau ɗaya ake yi. A teburina kuwa, in na tambayi mutum jinotayif ɗinsa, wato AA ne ko AS ko SS, sau da yawa amsar ita ce, "Ni O ne." An fassara masa rukunin jini da jinotayif da suna ɗaya, yana ganin ya riga ya yi gwajin. Ban ma shiga zancen "sanyi" da "basir" da "taifot" ba, waɗanda suka zama buhun da ake zuba kowane ciwo a ciki. Na taifot ɗin har da laifinmu mu ma'aikata, domin gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da cutar, amma wa ya taɓa zama ya rubuta wa jama'a wannan da Hausa?

Sai kuma sunan da ke cutar da mai ciwon. Shekara da shekaru ana ce wa ƙanjamau "kabari kusa". Yau mutum yana shan maganinsa ya yi ƙiba, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, amma sunan yana nan yana hana wani zuwa gwaji.

Ba Hausa ce ta gaza ba. Harshen da ya samar da "yoyon fitsari" da "hawan jini" da "garkuwar jiki" da "gubar dalma" ba za a ce ya rasa hanyar faɗin sauran ba. Aikin ne ba a ɗora wa kowa ba. Likita yana ganin na ɗan jarida ne, ɗan jarida yana jiran abin da likita zai faɗa ya fassara cikin gaggawa kafin labaran ƙarfe bakwai, malamin Hausa kuma ba a gayyace shi ba.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin. Wata damina da amai da gudawa ya yi yawa, aka ce in mai da wata sanarwa Hausa a liƙa a ɗakin yara. Na rubuta, "A narka ƙunshi ɗaya na gishirin rai a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa." Nahawu daidai, ma'ana daidai. Kwana biyu bayan nan na shiga ɗibar jini, na tarar da wata tsohuwa ta juye ƙunshin gaba ɗaya a kofin shayi tana ɗura wa jikanta, yaron yana ture hannunta. An karanta mata sanarwar, amma lita a wurinta ma'aunin fetur ne, kuma a tunaninta in ya yi kauri ya fi ƙarfi. Ruwan da gishiri ya yi wa yawa haka yana iya ƙara wa yaro ciwo. Wata mai shara ce ta ajiye tsintsiyarta ta ce, "Iya, leda biyu ta fiya wata za ki juye a jug, sannan ki zuba maganin." Tsohuwa ta ce, "Au, haka za a ce mini." A ranar na cire takardata na sake rubutawa. Wannan darasi ne da ya kamata a ce a aji na koye shi, ba a kan ɗan mutane ba.

Kayan aikin duk muna da su. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa, tana da gidan rediyonta, tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da aka kafa tun 1969, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen harsuna, da na aikin jarida, da asibitin Shika, a Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ita ma ta haɗa likitanci da nazarin Hausa. Ƙofa kuma a buɗe take. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, sannan sabon tsarin manhajar da ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da yankinta yake buƙata. Ina tambaya, wace buƙata ce ta fi wannan a yankin da mashaƙo, ciwon da yake da allurar rigakafi, ya kashe yara da yawa a Kano a 2023?

Ba na cewa a gina sabon bene ko a buɗe sabuwar tsangaya gobe. A fara da darasi ɗaya na zango biyu, a zaunar da ɗalibin likitanci da na jinya da na jarida da na Hausa a aji guda, malamai uku su riƙa shiga tare. A ba su takardar bincike ta gaske su karanta, su gane bambancin abin da aka gwada a jikin ɓera da wanda aka gwada a jikin mutum. Su san cewa in an ce abu ya ninka haɗari sau biyu, dole a tambaya daga nawa zuwa nawa, domin daga mutum 1 cikin 10,000 zuwa 2 ba ɗaya ba ne da daga 1 cikin 10 zuwa 2. Su iya yi wa mai maganin gargajiya adalci ba tare da sun sayar da jama'a ba: maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga ganye aka samo shi, dangin tazargade, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015, amma sai da ya bi ta gwaji da awo kafin ya zama magani. A koya musu riƙe sirrin marar lafiya, da yadda ake hira da matar da ta yi shekara biyar da yoyon fitsari ba tare da an tozarta ta ba. A koya musu ƙa'idar rubutun Hausa, da ajami don dattawanmu, da saƙon murya na minti ɗaya da zai iya yawo a WhatsApp.

Jarrabawar kuma kada a yi ta a aji. Ɗalibi ya ɗauki abin da ya rubuta ya je bencin masu jiran ganin likita, ya karanta wa mutum biyar, sannan ya ce su maimaita masa abin da za su yi in sun koma gida. In sun faɗa daidai ya ci. In sun faɗi wani abu daban, ya koma ya sake, ko da farfesa ya yaba wa rubutun.

Na san za a ce ina aikin yake in sun gama. Gidajen rediyo da talabijin nawa ne a Kano kaɗai, kuma wanne ne ba shi da shirin lafiya? Ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI, ga ma'aikatun lafiya, ga ƙungiyoyin da ke buga takardun wayar da kai. Kuma abin da aka rubuta da kyau a Katsina zai yi aiki a Maraɗi da Damagaram, inda likita ya yi karatu da Faransanci amma marar lafiyarsa da Hausa zai yi masa bayani. Ko da ɗalibin bai zama marubuci ba, ya zama likita ko nas, zai fito ya iya magana da wanda ke kwance a gabansa.

Ummi dai ta cike ilimin ƙananan halittu, ta samu gurbi, tana aji ɗaya yanzu. Mun yi alkawari da ita duk mako za ta rubuto mini shafi guda a kan abu ɗaya da ta koya, ni kuma in karanta wa masu jira a bencinmu in kawo mata abin da suka fahimta. Na makon jiya a kan dalilin da ya sa kafso ba ya maganin mura ne, mutum uku cikin biyar suka gane, ta karɓa za ta sake. Ƙoƙon da maɓallan nan huɗu kuwa suna cikin aljihun teburina a wurin aiki, duk masu shirin auren da sakamakonsu ya zo AS da AS sai na sa sun rufe ido sun ɗauka.

Kai ma, Malam Edita, ina da roƙo a wurinka. Ka ware rabin shafi duk mako ga ɗaliban kimiyya da na lafiya su riƙa rubutowa da Hausa, likita ɗaya ya duba gaskiyar abin, editanka ya duba harshen. In ka buɗe filin, na Ummi a kan mura zai iso gare ka da zarar mutum biyar ɗin nan sun gane shi.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Kano.